Gwiwar Baba da Kujerar Jirgi: Ni da Yayana Mun Kasa Daidaitawa

Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya, ya aiki ya iyali. Ni malamar makaranta ce a Kano, mu huɗu ne a wurin mahaifinmu. Baba shekararsa 72, dogo ne sosai, ƙafa 6 da inci 3, kuma ya daɗe yana fama da ciwon gwiwar dama. Bara da ya je Umara, zaman jirgin nan sai da ya kwantar da shi. Tun daga tashi har sauka gwiwoyinsa a tokare suke da kujerar gaba, ƙafafunsa suka kumbura, ɗawafi ma a keke aka tura shi. Bai faɗa wa kowa ba, abokin tafiyarsa ne ya tsegunta mana.

Yanzu autanmu da ke Ingila an yi masa haihuwa, biza ta fito, Baba zai je ganin jika. Babban yayanmu shi ke biyan kaso mafi tsoka na kuɗin tikiti. Ejan ɗinsa ya samo masa wanda ya fi araha, amma za a yada zango a hanya a yi jiran awa 9. Ni kuma na kwana uku ina bin intanet ina duba tazarar kujerun kamfanoni, wani inci 31, wani 32, wani har 34. Na ce a sayi na kamfanin da ya fi fili ko da ya ɗara da naira 400,000. Yaya ya ce iyayi ne kawai, jirgi duk jirgi ne, mai son a canza ya kawo kuɗi. Raina ya ɓaci na mayar masa da magana a gurup ɗinmu na gida, ƙannenmu suna gani. Yau kwana goma ba ya amsa gaisuwata. Baba kuwa in aka tambaye shi sai ya ce duk wanda Allah ya hore.

Ƙarshen wata zan kwashi adashi. In je wurin ejan in canza tikitin a ɓoye, ko in gaya wa Baba shi ya tsawata wa Yaya? Kuma don Allah, wane kamfani ne ya fi fili a ikonomi, wato ɓangaren kujeru masu araha?

'Yar Baba, daga Kano

Wa'alaikumus salam 'yata. Barkanku da samun ƙaruwa, Allah ya raya, ya ƙara wa Baba lafiya. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ɗawafin nan a keke. Na san shi ne yake hana ki barci. 'Yar da ta ji an tura mahaifinta a keke saboda kujerar jirgi, dole ta tsani duk wani tikiti mai araha. Ban ga laifinki a nan ba. Sai dai ina ganin kin ɗauki faɗan kin kai shi inda ba nan ribar take ba, kuma can ɗin ne Yaya ya fi ki gaskiya.

Bari mu fara da lambobin da kika kwana uku kina kallo. Wannan 31 ko 32 ɗin ba filin da ƙafa za ta samu ba ne. Awo ne daga wani wuri a jikin kujera zuwa daidai wurin a jikin kujerar da ke gabanta, wato kaurin majinginar ma yana cikin lissafin. Shi ya sa tsohuwar kujera mai kauri a inci 32 kan iya matse mutum fiye da sabuwa siririya a inci 31. Kamfanonin araha na Turai, irin su Ryanair da easyJet da Wizz Air, tsakanin inci 28 da 30 suke. Manyan da ke dogon zango kuma suke zuwa ƙasar nan, British Airways da Virgin Atlantic da Qatar Airways da Turkish Airlines da Ethiopian Airlines da EgyptAir, kusan dukkansu tsakanin 31 da 32 suke yawo. Emirates yakan ɗan ɗara, musamman a babban jirginsa A380. Masu 33 zuwa 34 ɗin da suka ɗauke miki ido galibi na gabashin Asiya ne, Japan Airlines da ANA da Korean Air, su kuma hanyarsu ba ta biyo ta Kano zuwa Landan ba. To kin ga ke nan, a cikin waɗanda za su iya ɗaukar Baba, bambancin bai wuce inci ɗaya ba. Ki dubi gaɓar farko ta babban yatsanki, tsawon ke nan. A kan wannan kike shirin juye adashinki, a kansa kuma kuka yi kwana goma ba gaisuwa.

Ban da haka, sunan kamfani ba ya gaya miki kujerar da mutum zai zauna. Kamfani ɗaya yana da jirage iri-iri. Zai iya ɗaukar Baba daga nan a ƙaramin jirgi mai hanya ɗaya a tsakiya, irin Boeing 737, sai an canza a hanya sannan a shiga babba, alhali hoton da kika gani a talla na babban ne. Sannan akwai faɗi, wanda mutane ba su cika dubawa ba. Boeing 777 a yawancin kamfanoni yanzu kujera 10 ake jerawa a layi, uku, huɗu, uku, kowace faɗinta wajen inci 17. Boeing 787 kujera 9 ne, shi ma kusan haka. Airbus A350 kujera 9 ne amma jikinsa ya fi faɗi, kujerar takan kai wajen inci 18. A330 kuma yawanci biyu, huɗu, biyu ake jera shi, wanda ya fi daɗi ga tsoho, don mutum ɗaya kawai zai tashe shi in yana bakin hanya. Dogon mutum in gwiwarsa ta rasa wuri a gaba, buɗe ƙafa yake yi gefe, nan ne inci ɗaya na faɗi yake yin rana. Saboda haka tambayar da za ki yi wa ejan ita ce wane irin jirgi ne a kowane zango. A jikin takardar tafiya ake rubuta shi. In kin samu, ki duba taswirar kujerunsa a shafin kamfanin, ko a shafin intanet na aeroLOPA, inda ake zana kujerun daki-daki. Ki sani dai kamfani kan canza jirgi ko ana gobe tafiya, ba wanda zai yi miki rantsuwa a kai.

Kafin duk wannan, akwai aikin minti biyu da nake so ki yi. Ki ari tef ɗin tela, wanda dama da inci yake. Ki sa Baba ya zauna a kujerar katako ya jingina bayansa sosai, ki auna daga majingina zuwa ƙarshen ƙoƙon gwiwarsa. Mutum mai tsawonsa yakan ba da inci 25 zuwa 27. Ki tuna majinginar jirgi tana cin inci biyu zuwa huɗu daga tazarar da aka rubuta. In Baba ya ba ki 26 ko fiye, to a kujerar 31 abin da zai rage tsakanin gwiwarsa da kujerar gaba bai taka kara ya karya ba, kuma da zarar na gaba ya kwantar da tasa, shi ke nan. Ita ma ta 32 ba za ta cece shi ba. Abin da yake bukata inci uku ne ko fiye, kuma wannan ba a samunsa ta hanyar canza kamfani. Kujera ake saya.

Kusan duk manyan kamfanonin nan suna sayar da wasu kujeru masu ƙarin fili a cikin ikonomi ɗin, kuɗinsu daban, kuma sau da yawa bai kai abin da kike shirin ƙarawa ba. Virgin Atlantic, mai tashi daga Legas, yana da wanda yake kira Economy Delight, inci 34. KLM yana da Economy Comfort. Sama da su akwai matsakaicin ɓangare tsakanin ikonomi da na manya, kamar World Traveller Plus na British Airways, inci 38, kujera mai faɗi da wurin ɗora ƙafa. Wannan tsadarsa ta fi, amma ki sa ejan ya duba miki farashin tafiya ɗaya kawai, don wani lokaci ratar ba ta kai yadda ake tsoro ba.

Nan kuma sai kin yi hattara, don ejan da yawa da sun ji an ce dogo sai su ce a ba shi bakin ƙofar gaggawa. Gaskiya ne nan ne fili yake, mutum ya miƙe ƙafa har ya gaji. Amma ba wurin Baba ba ne. Doka ce a harkar jiragen sama cewa wanda zai zauna a nan sai mai ƙarfin jikin da zai iya buɗe ƙofar ya taimaki mutane in wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, kuma sai yana jin harshen da ma'aikata ke ba da umarni da shi. Dattijo mai ɗingishi, ko kin biya, ma'aikaciyar jirgi tana da ikon tashinsa a gaban mutane ta mayar da shi duk inda ya rage, wataƙila tsakiyar layi. Mutum irin Baba wannan kunyar ta fi masa ciwon gwiwar zafi. Sai kuma layin farko da ke fuskantar bango. Shi gwiwa tana sakewa, ba mai kwanto maka kujera, tashi ma ya fi sauƙi. Aibinsa shi ne babu ƙarƙashin kujerar da za a zura ƙafa, don haka a wasu jiragen dogon mutum ba ya iya miƙe ta gaba ɗaya, kuma masu goyo ake fifitawa a wurin saboda gadon jarirai da ake maƙalawa a bangon. In ciwon Baba na lanƙwasawa ne, wato ba ya son gwiwar ta daɗe a naɗe, ki gwada neman wannan layin amma kujerar bakin hanya, yadda zai riƙa tashi yana takawa ba sai ya roƙi kowa ba.

Bakin hanyar ma akwai wanda ya dace da shi. Tun da gwiwar dama ce, ki nema masa kujerar da hanya take damansa. In mutum yana fuskantar gaban jirgi, wannan ita ce ta ƙarshe a rukunin hagu, wadda a yawancin jirage harafinta C. Haka zai riƙa zuro ƙafar lokaci-lokaci, sai dai a gaya masa ya janye in ya ji keken abinci na tahowa. Na taɓa raka gyatumata wata tafiya, ban san wannan ba, na zaɓar mata ɗaya gefen. Ƙafar mai lafiya ita ta sha iska, mai ciwon tana matse a jikin wata baiwar Allah har muka sauka. Har yau in muka yi saɓani sai ta tuna mini. Kada kuma ki yarda da layin ƙarshe na kusa da banɗaki, don sau da yawa kujerunsa ba sa kwanciya sosai, ga cinkoson masu jiran layi a kan mutum.

Yanzu bari in zo inda gaskiya take wurinki, wanda ke kanki ba ki tsaya a kansa ba: awa 9 ɗin nan. Daga Abuja zuwa filin jirgin Heathrow na Landan kai tsaye tafiyar awa 6 da rabi ce ko kusa da haka, British Airways ya daɗe yana yin ta. Air Peace ma ya shiga layin Landan tun Maris 2024, daga Legas ya fara. In kuwa aka bi ta Addis Ababa, zaman jirgi kaɗai zai haura awa 12, ta Doha kuma wajen 14, ta Alkahira ce mai dama-dama, kusan 9. Ki ɗora jiran awa 9 a kujerar ƙarfe ta filin jirgi, ga sanyin na'ura, ga tafiya mai nisa daga wannan ƙofa zuwa waccan, ga dattijo shi kaɗai ba mai riƙe masa jaka in zai yi alwala. Mutumin da awa biyar ta Jidda ta kwantar, kwana guda a hanya fa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a 2007 cewa zama wuri ɗaya na awa 4 ko fiye a tafiya yana ninka haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa kusan sau biyu. Ga mai lafiya haɗarin ƙarami ne duk da haka, wajen mutum 1 cikin 6,000, amma tsufa da rashin motsi suna ƙara shi. Ba ina cewa yada zango kullum sharri ba ne. Jiran awa 2 zuwa 3 yakan yi wa gwiwa amfani, a taka, a yi salla a tsaye, a sake shiga. Awa tara ce ta yi yawa. In kuɗi zai fita daga hannunki, ga inda ya kamata ya tafi: ko a sami kai tsaye daga Abuja, Baba ya je da wuri ya kwana ya huta, ko a sami ranar da jiran ya fi gajarta a wannan kamfanin da Yaya ya zaɓa. Na biyun nan zai fi saurin shiga kunnensa, don bai rushe zaɓinsa ba.

To batun Yaya. 'Yata, kada ki je wurin ejan a ɓoye. Ejan ɗinsa ne, kafin ki iso gida ya kira shi. Ko da bai kira ba, tikiti mafi araha shi ne ya fi tsauraran sharuɗɗa, canza shi tara ce, wani ma ba a mayar da kuɗinsa. Za ki yi asara biyu, ta kuɗi da ta zumunci, kuma ranar da abin ya fito za ki zama wadda ta zagaye babba. Kada kuma ki kai ƙara wurin Baba. Kin ji abin da ya ce, duk wanda Allah ya hore. Kawaici ne na uba da ya san ɗansa yana ɗauke da nauyi. Mutumin da ya ɓoye muku kumburin ƙafa, in ya ji 'ya'yansa sun daina gaisawa saboda kujerarsa, cewa zai yi ya fasa tafiyar, a turo masa hoton jikan a waya. Wa ya ci riba ke nan?

Ki ɗan tsaya a inda Yaya yake tsaye. Shi ya fitar da kuɗi mafi yawa a wannan zamani da tikitin waje ya zama abin da ya zama, ban san me ya jingine ba kafin ya haɗa su, ke ma wataƙila ba ki sani ba. Yana jiran a ce Allah ya saka da alheri, sai ya ji ƙanwarsa tana nuna a gaban yara cewa ya zaɓar wa mahaifinsa wahala don rowa. Ba haka kika nufa ba, amma haka ya ji. Shi ma maganar iyayi da ya yaɓa miki bai kyauta ba, kuma zan so wata rana ya gane haka, sai dai ba ke za ki koya masa yanzu ba. Ke ce ƙarama, ke kika yi magana a bainar jama'a, ke za ki fara. Ba a waya ba, ba a gurup ba. Ki shirya ki je gidansa, ki gaisa da matarsa, ki jira ya ci abinci. Ki ce, Yaya na zo ba da haƙuri, na yi kuskure da na yi maka magana a gaban yara, kuma na duba na ga gaskiyarka, kamfanonin duk kusan ɗaya suke. Ki bar wannan ta zauna tukuna. Sannan ki ce abu biyu ne suka rage suna damunki, jiran nan da kujerar, kuma kina roƙon ya ba ki izini ki ɗauki nauyinsu daga adashinki, shi ya kira ejan da kansa. Ki nuna masa awon da kika yi da tef. Namiji da zai yi musu da intanet ba zai yi musu da cinyar mahaifinsa ba. Tikiti yana nan a matsayin nasa, ke kin ƙara kujera, kowa ya sami ladansa.

Auta ma kada a bar shi yana kallo daga nesa, tunda saboda shi ake tafiyar. Shi da ke karɓar albashi da fam, kuɗin zaɓen kujera a wurinsa ba kamar a wurinki ba ne, kuma da lambar tikiti da sunan Baba zai iya shiga shafin kamfanin ya biya da katinsa. Amma Yaya ne zai gaya masa, ko ku gaya masa tare. In kuma Yaya ya ƙi sauraronki gaba ɗaya, ki nemi wanda yake jin nauyinsa, kawu ko gwaggo, ya yi masa maganar a matsayin shawararsa, ba saƙonki ba.

Akwai wani abu da ba ya cin ko kwabo, kuma zai iya fin duk waɗannan amfani. Ku sa a rubuta a tikitin cewa Baba yana bukatar taimako a filin jirgi, aƙalla awa 48 kafin tafiya. Kyauta ne. Za a tare shi da keke ko ƙaramar mota, a wuce da shi layuka, a shigar da shi jirgi kafin cinkoso, a Heathrow ma a kai shi har wurin jami'an shige da fice da wurin ɗaukar kaya, tafiyar da ko matashi sai ya ji a jikinsa. Kamfanoni da yawa in an sanar da su lalurar ƙafa sukan taimaka da kujerar da ta dace, wasu ba tare da ƙarin kuɗi ba, don haka a kira su a tambaya kafin a biya. Na san Baba zai ce shi ba gurgu ba ne. Kada ki ce masa don gwiwarsa ne. Ki ce masa don kada ya ɓata a filin da bai sani ba, kuma duk manyan alhazai haka ake yi musu.

Ki kai shi ya ga likitansa mako biyu kafin tafiya, a faɗa masa abin da ya faru a Umara. Ki tambaya ko ya dace Baba ya sa safar nan mai matse ƙafa da ake sayarwa a kemis, don ba kowane tsoho ta dace da shi ba, kuma kada ya sha wani maganin tsinka jini ko na barci don wani ya ce yana da kyau. Ranar tafiya a bar babbar riga a akwati, kaftani mara nauyi da rigar sanyi sun isa, da takalmi mai sakewa don ƙafa za ta ɗan tasa. Jakar hannu ta hau sama, kada a cusa ta ƙarƙashin kujerar gaba ta cinye ɗan filin da aka saya da kuɗi, magungunansa kawai zai riƙe a aljihu. Tsofaffinmu suna da ɗabi'ar ƙin shan ruwa a jirgi don kada su dami mutane da zuwa banɗaki. Ki gaya masa an zaɓar masa bakin hanya ne musamman don ya sha ruwa ya tashi, duk bayan awa ɗaya ko biyu ya taka zuwa baya ya dawo, in yana zaune kuma ya riƙa juya idon sawunsa yana ɗaga dunduniya. In bayan ya sauka ƙafa ɗaya ta kumbura ta yi zafi fiye da ɗayar, ko numfashi ya yi masa wuya, Auta ya kai shi asibiti a ranar, kada a tsaya shafa man zafi.

Kuma duk abin da kuka yi wa tafiya ku yi wa dawowa a lokaci guda, kujerar da keken duka. Mutane kan manta da wannan, sai ana saura kwana biyu a tarar kujerun bakin hanya sun ƙare. Ki je gidan Yaya kafin Juma'a, tef ɗin yana jakarki. In Baba ya sauka lafiya ki rubuto mini, ina son jin inci nawa ya ba ki.